Ranar Ƙarfafa Gwiwa a Benen Tianxiu

A shekarar da Sin ta karɓi baƙuncin gasar Olamfik, sabunta biza ya yi wuya a Guangzhou. Kullum sai ka ji wani ɗan'uwa ya rufe shago a benen Tianxiu ya koma gida. Tawa bizar ma saura kwana tara, amma ban gaya wa kowa ba. Tsoro ya kama ni, ni kuwa idan na tsorata bakina ba ya iya shiru.

Wata safiya a unguwar Tianhe na ga ma'aikatan wani kantin waya sun yi sahu a bakin ƙofa, maigidansu na ihu, suna amsa masa da tafi. A ranar kuma wani abokina ya ce ya ji akwai ƙasar da ta ware rana guda sukutum don ƙarfafa gwiwa. Na ce to, mu me muka rasa? Nan take na naɗa kaina wanda zai kafa mana tamu.

Bayan Azahar na tara 'yan kasuwa goma sha ɗaya a barandar benen, na hau kan kwalin takalma.

Na ce, "Idan na ce ba za mu koma ba, kowa ya ɗaga hannu ya yi tafi!"

Na faɗa da iya ƙarfina. Wani dattijo ɗan Maraɗi, mai sarin atamfa, ya ɗaga tafukan hannunsa ya ce, "Amin." Sauran suka bi shi. Na sake gwadawa, suka ce, "Allah ya sa." Har aka shafa Fatiha babu wanda ya tafa. Kwalin ma ya lotse da ni.

Kwana tara na cika aka hana ni biza. Cikinmu duka ni na fara hawa jirgi, kunya ta hana ni yi wa kowa sallama.

Shekara ta zagayo, ina zaune a rumfata a Kano, sai ga kiran dattijon.

"Ɗana, yau fa ranarka ce. Mun taru a barandar, har da shinkafa."

Na ce, "Baba, ai ni na fara gudu."

Ya ce, "Na sani. Tun kana kan kwalin na ga ƙafarka na rawa. Ran nan tikitin komawa na cikin aljihuna. Na ce idan mai tsoro haka ya iya miƙewa, bari in ƙara zaman wata guda. Amin ɗin nan kuwa, ai kai muke yi wa."