Kakana da Jujin Birni

A ƙauyenmu, can gefen Dawakin Tofa, babu wanda bai san an taɓa yi wa kakana bulala a birni ba. Ni ban tarar da shi ba, ya rasu tun kafin a yi wa mahaifina aure, amma zancen bulalar na tarar da shi da ransa. Ina yaro, in muka yi faɗa da wani ya ga na fi ƙarfinsa, sai ya ja da baya ya ce, "Jikan ɓarawon juji." Taubasaina kuwa har gobe ba su daina ba. Ranar da na kama aikin koyarwa, ɗaya daga cikinsu cewa ta yi a gaya wa hedimasta ya sa wa bolar makaranta kwaɗo. Na yi dariya, don ba a fushi da wasan taubasai. Baba ne ba ya dariya. Shi ko a bakin yara ya ji kalmar, takalminsa yake ɗauka ya bar wurin.

Wanda bai tashi a karkarar Kano ba zai yi mamakin yadda juji ya zama abin sata. Ƙasarmu ba ta hutawa. Gona tana manne da gona, babu daji, babu saura, inda kakanka ya noma nan za ka noma, bana da baɗi. Ƙasar da ake yi wa haka sai da taki, kuma na awakin gida ba ya isa. Shi ya sa a da, da an gama kaka, maza sukan ɗora wa jakuna itace ko kara su nufi birni su sayar, sannan su cika mangaloli da sharar birni su juyo. Toka, kashin dabbobi, ruɓaɓɓen ganye, duk abin da mutanen birni suka toshe hanci suka zubar. A kawo a zube tsibi-tsibi a gona a jira ruwa.

Kuma ba haka kawai ake afka wa jujin mutane ba. Kowane manomi yana da gidansa. Sau ɗaya ake sallama da maigida a roƙa. In ya ce je ka kwasa, shi ke nan, jujin ya zama naka shekara da shekaru. Ba a sake tambaya, don sake tambayar kamar ka ce masa ba shi da magana ɗaya ne. Kai kuma da kaka ka kai masa damin gero ko ɗan wake. Babu takarda, babu shaidu.

Kakana yana da irin wannan gida a wata tsohuwar unguwa a cikin birni, gidan wani dattijo mai sayar da dabbobi. Shekarar da abin ya faru ya kai masa geronsa, sun gaisa lafiya. Ba a jima ba dattijon ya rasu, labari bai iso ƙauye ba, magada kuma suka ba wani jujin. Kakana ya je da rani yadda ya saba, ya ɗaure jakinsa, ya sunkuya yana kwasa, sai ihun ɓarawo. 'Yan doka suka kai shi gaban alƙali. Iyakar abin da Baba yake faɗa ke nan, in ma ya yarda ya faɗa.

Shekarun baya kaɗan, ina koyar da tarihi a wata sakandare kusa da Ɗambatta, wani tsohon malamina na jami'a ya kira ni a waya. Dakta muke ce masa. Ya ce suna wani bincike a kan laifi da talauci a wata unguwa ta birni tun zamanin En'e, sun samo hotunan tsofaffin littattafan kotun alƙali, suna neman masu iya karanta rubutun Larabci irin na muhutai, wato magatakardan alƙalai. Na ji daɗi ƙwarai. Da ya ambaci sunan unguwar kuwa, ashe ita ce wadda aka kama kakana a cikinta.

Na gaya wa Baba a ƙarshen makon, muna zaune a zaure. A lokacin idanunsa sun fara tafiya, ƙafa ma ta ƙi, masallaci sai an riƙe shi. Ya lalubo hannuna.

"To ka duba mini," in ji shi. "Alƙali malami ne. Ko ya sa an dake shi don bakin mutane ya mutu, a littafi ba zai rasa rubuta yadda aka yi ba."

Sai a ranar na gane abin da ya daɗe yana riƙe da shi. Tun yana yaro ya sa wa ransa cewa a wani ɗaki a birni akwai takardar da ta san ubansa ba ɓarawo ba ne. Daga nan duk ranar da na sauka daga mota na shigo gida, kafin in gama gaishe shi zai ce, "An gani?"

Aikin ba shi da wuya, gajiyarwa ce da shi. Ka buɗe hoton shafi a kwamfuta, ka karanta abin da gara ta rage, ka shigar da irin laifin, da hukuncin, da inda mai laifin ya fito. Wasu muhutan rubutunsu kamar kaza ta yi tonon ƙasa. Kafin in kai ga kakana na ci karo da mutanenmu da yawa. Wannan daga yankin Zakirai, wancan daga wajejenmu, duk da rani, duk a ƙofar gidan wani, duk abu ɗaya: ya ɗebi taki. Ban san labarin kowannensu ba, wataƙila a ciki akwai waɗanda suka kwasa da gangan. Amma na san abin da ke kai baƙauye bakin juji da jaki.

Ranar da na kai ga kakana, sai da na karanta sunan na sake karantawa. Sunansa ne, da na ubansa, da na ƙauyenmu. Abin da muhuti ya rubuta bai cika layi biyu ba. An kawo wane, ya ɗebi abin da ba nasa ba a ƙofar gidan wane, an tambaye shi ya amsa, an yi masa bulala. A samansa akwai shari'ar wasu attajirai biyu a kan katangar da ke tsakanin gidajensu, ta cinye shafi har ta tsallaka na gaba, kowa da shaidunsa, kowa an rubuta abin da ya ce da abin da aka mayar masa.

"Ya amsa." Wannan kalmar ce ta fi ƙona mini rai. Yo me zai ce? An tambayi mutum ko shi ya kwashi taki, ga mangala cike, ga toka har gira, kuma shi a saninsa nasa ya kwasa. Ba shakka ya ce shi ne. Ina da yaƙinin ya ci gaba da magana, ya ambaci dattijon, ya ambaci geron. Alƙalamin ne dai ya tsaya a inda aka samu abin da ake so.

Na tashi na sami Dakta a ofis. Lokacin sun fara haɗa sakamako, kuma abin da ya fito ya burge su: sata tana ƙaruwa a unguwar da rani, yawancin masu yin ta ƙauyawa ne, saboda haka yunwa ce take koro su birni. Na ce masa wace yunwa? Farkon rani rumbu cike yake, baƙauye bai fi ƙoshi ba kamar lokacin. In yunwa ake nema a zo da tsakiyar damina, sannan kuwa babu mai barin gona ya je birni. Na zayyana masa yadda ake roƙon juji, da yadda ba a sake tambaya. Na ce a ware waɗannan shari'o'in daga sata.

Ya saurare ni har na gama, wannan ba zan hana masa ba. Sannan ya cire tabarau ya ce, "Malam, abin da ka faɗa yana da ban sha'awa. Amma mu abin da alƙali ya rubuta muke ƙirgawa. In kowa ya cire wanda ya ga dama, aikin ya lalace. Kana da wata takarda da ta nuna wannan al'adar?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, mutanen da suke da takarda ai su ne suka yi ihun."

"Kar ka sa son rai. Ka yi hira da dattawa, ka rubuta naka daban. Mu za mu ambata a ƙasan shafi."

Na san yana da hujja, ni ma haka nake koya wa ɗalibaina, kuma sanin hakan ya ƙara tunzura ni. Ka ɗauki littafin da aka rubuta a zauren masu gari, da hannun ma'aikacinsu, a kan mutanen da ba a bari sun gama magana ba, ka ƙirga shi tsaf, ka ce ga halin talakawa. A da an dake su sau ɗaya an sallame su. Yanzu mun zo da kwamfuta mun tattara su wuri guda, mun ba su dalilin da ba nasu ba, har muna tausaya musu. Tausayin nan ya fi komai ci mini tuwo a ƙwarya. Kakana mutum ne mai gona da rumbu da jaki, mun mayar da shi mayunwacin da ya shigo birni ɗauke-ɗauke.

Na ƙi shigar da layinsa. Washegari na tarar wani abokin aikina ya shigar, ba da mugunta ba, ya ga gurbi ne ya cike. Da rahoton ya fito, maganata tana nan a ƙasan wani shafi da ƙananan haruffa, wai akwai masu ganin cewa wasu daga cikin shari'o'in suna da alaƙa da neman taki.

Na yi makonni ina ce wa Baba ba a gani ba tukuna. Inna ta gane, don ita ba a ɓoye mata fuska. Ta tare ni a bakin madafa ta ce, "Kai dai ka faɗa masa abin da zai kwantar masa da rai. Wa zai je ya duba?" Na so in yi hakan. Amma Baba ya yi karatun zaure, na san zai ce in karanto masa Larabcin yadda yake, kuma ba zan iya ƙaga wa alƙali magana in karanta wa ubana ba.

Wata Asabar bayan la'asar na zauna kusa da tabarmarsa, na buɗe hoton a waya, na karanta. Ya ce in maimaita. Na maimaita a hankali.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba."

Na zaci kalmar amsawar ce za ta dake shi, na shirya abin da zan ce. Sai ya juyo da fuskarsa wajena ya ce, "Jakin fa?"

Na ce wane jaki?

Ranar ya ba ni sauran labarin, wanda bai taɓa gaya wa kowa a cikinmu ba. Da 'yan doka suka tafi da kakana, har da jakin suka kora, aka ɗaure shi a ƙofar kotu. Da aka gama bulalar ya fito, babu jaki, babu mangala, kowa ya ce bai gani ba. A ƙasa ya tako har gida, rigarsa a hannu don bayansa ba ya son ta. Shekarar ba a kai taki gona ba, ta gaba ma haka, don ko aron jaki aka ba shi ba ya yarda ya doshi birni. Gona ta yi ta ja da baya. Aka jinginar da babbar, ta bakin hanya, ba a kuma fanso ta ba. Gonar da nake wucewa kullum in zan hau mota, ina ganin dawar wasu a ciki, ashe tamu ce. Daga nan Baba ya fara ƙwadago a gonakin mutane, bai ko isa riƙe garma sosai ba.

Na zauna waya a hannu, raina yana tafasa. Mun yi wata da watanni muna neman yadda talauci yake haifar da laifi, ga shi a gidanmu daga ƙofar kotu talaucin ya biyo mutum.

Baba ya gyara zama ya ce, "Ka sake dubawa dai. Wataƙila yana shafi na gaba. Jaki guda ba ya ɓata a ƙofar alƙali a rasa rubutawa."

Littafin nan na karanta shi har bangon ƙarshe, babu inda aka ambaci jaki.

Na ce, "To, Baba."