Kwalbar Maɗin Inna ta Ƙarshe

Mu a gidanmu na unguwar Biriketiri, a Yawunde, ba mu san kwanfitir na kanti da ake shafa wa burodi ba. Duk shekara buhun ɗinya ke zuwa mana daga arewa, Inna ta jiƙa, ta murje, ta tace, ta wuni a bakin murhu har ruwan ya zama maɗi baƙi ƙirin, ta ɗura a kwalaben mayonez. Da safe Baba ya tsaga burodi ya shafa, mu kuma mu zuba a koko.

Duk Juma'a sai ta juye maɗin a tukunya ta sake tafasawa. Ni da bakina da ba ya shiru nakan ce, "Kai, Inna, ke dai ba kya gajiya da aikin banza!" Sai ta ci gaba da iza wutarta.

Da ta rasu, kwalba ɗaya ta rage. Na kai ta can ƙuryar kabad na rufe, don ita kaɗai ce aikin hannunta da ya saura mana. Baba kuwa ya daina karyawa. Ya sha ruwan shayi kawai ya tafi shagon ɗinkinsa, wando har yana zame masa. Kullum sai ya ce, "Uwata, babu sauran maɗin nan?" In ce, "Baba, a bar shi mana. In ya ƙare fa?"

Na je kasuwar Mokolo na samo ɗinya na dafa nawa, har da ƙarin sukari. Ya lasa sau ɗaya ya ture.

Wata biyu muna haka, ruwan Yawunde na zuba ba ƙaƙƙautawa. Ranar da jiri ya kayar da shi a bakin keken ɗinki, na tsorata ƙwarai. Washegari na ɗauko kwalbar na buɗe a gabansa. Innalillahi! Funfuna ce fara da koriya har ƙasa, ga tsami ya cika ɗakin.

Baba ya daɗe yana kallo. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi.

"Garin nan ba irin namu ba ne, danshi gare shi," ya ce. "Shi ya sa take tafasawa duk Juma'a. Na ɗauka kina yi."

Ya jawo burodin, ya ci shi gaya.