Turakun Farar Ƙasa a Fadamar Sama'ila

Ranar da tsoro ya fara shigar Sama'ila, ko hantsi bai yi ba. Ya kutsa tsakiyar rakensa a fadamar da ke gabas da Dandamisa, sai ya tarar da sanda bakwai a kwance, an datse gindinsu a karkace kamar da aska, ga kashin gyazbi sabo a gefe. Ɓarnar gyazbi, ƙaton ɓeran nan mai cin rake, ba baƙuwarsa ba ce, amma a bakin gona ya saba ganinta, inda dabbar za ta gutsura ta tsere cikin ciyawa. Shekara arba'in yana noman wurin, bai taɓa ganin gyazbi ya zauna a tsakiyar gona ya ci hankali kwance ba. Ya daɗe a tsugune. Ya gane babu sauran abin da suke tsoro.

A bakin fadamar nan aka haife shi. Mahaifinsa ya bar masa gona, da tukunyar dafa mazarƙwaila, da ka'ida ɗaya: ba a tona suri da bazara. A tsofaffin surukan da gara ta bari mesa ke yin ƙwai. Idan ta naɗe a kansu sai ta yi wata biyu da ɗoriya ba ci ba fita, ko an zungure ta ba ta barin su. Wanda ya kashe ta a lokacin, in ji tsohon, ba ɗaya ya kashe ba, talatin ya kashe. Gyazbi kuwa sau biyu yake haihuwa a shekara, mesa ce ke rage shi, tsoronta ne kuma ke tsare shi a bakin ciyawa.

Sama'ila ya san kowane suri kamar ɗakunan gidansa. Mutane na ce masa Angon Mesa. Tanko ne ya laƙaba masa sunan, abokinsa tun na ƙuruciya, wanda aka yi musu kaciya tare, daga baya ya zama dillalin fata. Har liman ya taɓa kiran Sama'ila gefe ya tambaye shi ko wani abu yake ajiyewa a surukan nan. Ya ce shi bai taɓa ba mesa ko ƙwan kaza ba, aikinta take yi, shi ma yana nasa. Liman ya yi dariya ya karɓi curin mazarƙwailar da aka miƙa masa.

Bayan yaƙin Bama da shekara biyu aka turo wani saurayi malamin gona, Uwaisu, wanda bai daɗe da gama makaranta ba. Yana da ladabi, yakan tuɓe takalmi tun daga zaure. Ya lura raken Sama'ila ya fi na kowa tsira, ya tambayi dalili, kuma da aka faɗa masa bai yi dariya ba. Wannan ne ya sace zuciyar tsohon. Hajo, matar Sama'ila, ta ce masa ya yi a hankali, mai alƙalami ba ya jin abu ya bar shi inda ya ji shi. Ya ce yaron kirki ne.

Da bazara Sama'ila ya zagaya da Uwaisu suri goma sha ɗaya, yana nuna masa saɓar da mesa ta bari da santsin bakin rami. Uwaisu ya ce a makaranta an koya musu ba a ƙidaya ba alama, don haka ya kafa turke a gindin kowane suri, ya shafa masa farar ƙasa. Sama'ila ya ce a cire, fari daga nesa ake hango shi.

"Kwana bakwai kawai, Baba," in ji Uwaisu. "In na sake ƙirgawa, da hannuna zan tumɓuke su. Na yi maka alkawari."

A kwana na huɗu aka kira shi Zariya kwas, ya hau kekensa ya tafi ba sallama. Sama'ila kuwa ya tafi Kudan ta'aziyyar ƙanwarsa, ransa a kwance, tunda malam ya yi alkawari. Da ya dawo bayan mako biyu, surukan duk an farke su da gatari, ƙwai a fashe suna wari a rana, turakun na tsaye fari fat.

Ba a sha wahalar gano mai aikin ba. Ranar kasuwar Makarfi ya tarar da fatun a shanye a rumfar Tanko, za a kai wa masu kanti. Shekara da shekaru Tanko na zolayarsa ya nuna masa ramukan, yana ƙi. Da Tanko ya gan shi sai ya gyara zama, ya ce a kawo wa ango goro.

"Macizai ne fa, Sama'ila, ba surukanka ba. Ni ban bi sawunka ba. Hanya na gani an yi mata alama, na bi."

"A gidana ka ci tuwo ranar da aka kafa su," in ji Sama'ila. Bai karɓi goron ba, kuma tun daga ranar bai sake kiran sunansa ba.

Damina ta wuce lafiya, har mutane suka fara cewa maganar mesa da gyazbi tatsuniyar tsoho ce. Sai ga safiyar nan ta sanda bakwai. Kafin rake ya isa sara, rabin fadamar ya kwanta, nasa da na maƙwabta. An ɗana tarko, an saki karnuka, an ci naman gyazbi har ya gundura, kamar ana ƙara su. Tukunyarsa sau uku kacal ta hau wuta a shekarar. Abin da ya rage masa kunya biyu ne na raken iri, ya kewaye su da ƙaya. In suka tafi, noman rake ya ƙare a gidan.

Uwaisu ya dawo ya ga fadamar. Ya zo zaure ya durƙusa, ya ce mantuwa ce, tun da ya ji labari bai ƙara samun barci ba. Sama'ila ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Saurayin ya tambaya ko akwai wadda ta tsira, don ya rubuta a hana taɓa ta.

"Babu, Malam," in ji Sama'ila, idonsa a kan tabarma.

Akwai ɗaya. Suri na goma sha biyu yana can bayan wata kuka, nesa da hanya, ranar zagayen rana ta yi zafi ba su ƙarasa ba. Shi kansa ba ya zuwa yanzu, don yaran Tanko na lura da duk inda ya sa ƙafa. Jumare, Bafulatanin da ke kiwo a wajen, shi ya roƙa ya riƙa dubawa daga nesa. Jumare ya ga sawunta ya shiga ramin a farkon bazarar nan, bai ga ya fito ba. Ko a kan ƙwai take, ko ta mutu a ciki, ba mai sani, kuma ba a tonawa a gani.

Sun yi da Jumare cewa in ya ga sawun ƙanana a bakin ramin, matarsa Mairama za ta faɗa wa Hajo idan ta kawo nono. Mairama ta zo sau tara. Ran Laraba za ta sake zuwa, kuma har yanzu ba ta kawo labari ba.