Tafireta a Bayan Kaka

Shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, Katsina ta cika da sababbin babura da rediyoyi, kuma kowane ofis neman mai buga tafireta yake ido rufe. Ni kuwa na gama firamare ina zaune gida, ba abin da na iya sai tsiwa. Da ƙyar da magiya Baba ya yarda na shiga makarantar koyon tafireta ta wata Bayarabiya, can wajen Ƙofar 'Yandaka. Madam muke ce mata.

Madam ba ta wasa. Ta ce a wannan sana'a duk harafi biyar kalma ɗaya ne, don haka kalmomin Turanci masu harafi biyar za mu yi ta bugawa har yatsunmu su haddace. Ta lura hannuna na hagu malalaci ne, sai ta ware mini waɗanda haruffansu duk a ɓangaren hagu suke: water, bread, great, after, sweat. Kowace da harafin "a" da na "e" a ciki, suna ta zagaye a wuri ɗaya. Rabinsu ban ma san ma'anarsu ba, ita kuwa ko a jikinta. Da na leƙa yatsuna sai rula ta sauka.

Matsalar ita ce ba mu da tafireta a gida. Na gwada faifai, na gwada murfin kwano, har Inna ta ce in na ƙara ƙwanƙwasa mata tire sai ta karya yatsun kowa ya huta.

Wata rana da la'asar na tarar da Kaka, mahaifiyar Baba, zaune kan tabarma ta juya baya, tana mitar kafaɗarta ta hagu. Ta daɗe tana fama da ita, ko ɗaura kallabi sai an taya ta. Ta ce in danna mata. Na durƙusa, na ga baya shimfiɗe ba mai amfani da shi, ai kuwa na jera yatsu na fara aikin Madam.

"Ke, mi kike yi mani haka kamar kaza na tsattsagar tsaba?"

"Turanci nake rubuta miki, Kaka."

"Allah Ya shirye ki. To, ci gaba. Ɗan yi sama kaɗan."

Shi ke nan na samu tafireta, ita kuma ta samu likita. Kullum bayan la'asar sai ta ƙwala mini kira, wai 'yar nema ta zo ta buɗe ofis. Ba da daɗewa ba ta fara zaɓe. Ta fi son bread, da na gaya mata burodi ke nan, saboda yatsan da ke buga harafin farko yana sauka daidai inda ke mata ciwo. "Yi mani burodin nan," in ji ta, "ki bar ruwan, ba ya kai wa ko'ina." In na yi kuskure a jikinta take ji, sai ta ce na yi tuntuɓe. Wallahi ta fi Madam tsanani, rula ce kawai ba ta da ita. Hannuna na hagu ya zo ya fi na dama gudu.

Da aka yi jarrabawar ɗaukar ma'aikata na ci, amma aka ce aikin a Kaduna yake. Gwaggona tana can da iyalinta, ta ce in zo in zauna wurinta. Ina son aikin nan kamar raina. Baba kuwa ba ya so, kuma shi mutum ne da ba ya cewa a'a kai tsaye, sai ya nemo dalilin da ba mai iya musawa. Da hantsi ya tara mu a tsakar gida, ya gyara murya.

"Ni ba hana ki na yi ba. Amma in kin tafi, wa zai riƙa danna wa Iya kafaɗa? Ke kaɗai kika iya."

Haushi ya turnuƙe ni. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa abin ya fi ciwo. Na buɗe baki zan yi tsiwar da na saba, Inna ta harare ni, na haɗiye.

Kaka ta miƙe daga tabarma. Ba ta kiran sunan Baba, ɗan fari ne, sai ta ce, "Kai wannan, wace kafaɗa? Ai ni na warke tun da damina. Don ɗiyar nan ta koyi aikinta nike ba ta bayana."

Akwai gero a turmi, Inna ta fara surfe ta ajiye. Kaka ta ɗauki taɓarya da hannun hagu, hannun da ko buta ba ya ɗagawa, ta shiga kirɓa. Har cilla ta sama take tana tafawa kamar budurwa. Yaran gida suka ɓarke da shewa, ni ma na yi dariya har da hawaye. Baba ya yi ta kallonta. Can ya ce to, Allah Ya sa albarka, a aika wa gwaggo ina tafe.

Da murnata na bi Kaka ɗaki in yi mata tsiyar ashe duk wata da watannin nan wayo take mini. Na same ta zaune bakin gado ta fuskanci bango, ta tallabe hannun da ɗayan, zufa na tsiyaya a wuyanta. Ta cije leɓe. Gabana ya faɗi. Na kai hannu kafaɗarta, ta goce.

"Kar ki taɓa ni," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ubanki na tsakar gida, zai gani."

Har ranar da na shiga motar Kaduna ba ta sake bari na taɓa mata baya ba.