Tsaga Bakwai a Kan Tagulla

Mukaila ɗan Zangon Sekondi ne, can bakin teku a Gana, kuma tun tasowarsa wuta da narkakken ƙarfe ya sani. A gidansu tukwanen dalma ake zubawa: a tattaro gwangwanaye da fasassun kayan mota, a narkar, a tsiyaya cikin yashi, tukunya ta fito. A 2009 ya zo Dubai da bizar gadi. Shekara guda ya yi a ƙofar wani sito a Al Quoz yana ɗaga wa manyan motoci hannu, har ranar da mai gidan zubin tagulla na kusa da su ya gan shi ya tsinci wani yasasshen marfi yana ƙwanƙwasawa da farce, yana sauraron ƙararsa. Mutumin ya tambaye shi me ya ji, ya ce akwai iska a ciki. Aka fasa, ga kogo. Shi ke nan ya bar gadi.

A wurin ana zuba fitilun otal, da mariƙin ƙofa, da shaho, wani lokaci har da mutum-mutumi. Da ya gaya wa uwarsa Mero haka a waya, sai ta saki salati, ta ce ita ba ta haifi maƙerin gumaka ba, ya tattara ya dawo. Mma Mero kuwa ƙosai ta shekara talatin tana sayarwa, ba a cin ta a ciniki. Sati uku suna ja, kati bayan kati yana ƙarewa, kafin suka daidaita a wuya. Daga wuya zuwa ƙasa ta yarda, tunda riga ce da takalmi. Fuska kuwa, ya yi mata alkawari hannunsa ba zai taɓa ba muddin tana numfashi.

Ya riƙe alkawarin nan kam. Shekara uku yana gurzar takalma da maɓallai da lanƙwasar wando, har ma'aikata suka sa masa suna Mista Takalmi. In an zo kan kai sai ya ajiye magagari ya tafi shan ruwa. Fomansu, wani Bamisire mai saurin baki, ya yi faɗa ya gaji, ya bar shi da halinsa, don ba wanda ya kai shi fitar da igiyar takalmi ta zama kamar a kwance ta. Ran Juma'a yakan shiga mota zuwa Al Muraqqabat, ya yi salla, ya ci wake da shinkafa a filat ɗin 'yan garinsu, ya koma.

A 2013 aka kawo aikin sojojin ruwa. Wata ƙasa ce ta bakin teku a Afirka ta Yamma jirginta ya nutse da mutane, tana son abin tunawa da su: matuƙa uku a tsaye, kowanne ya fi ƙofa tsawo, ɗaya riƙe da igiya. Mai sassaƙar ya yi fuskokin ne daga hotunan mutum uku cikin waɗanda suka rasu, ya liƙa hotunan a bango, ya gama nasa ya koma ƙasarsu. Na tsakiya yaro ne, bai fi ashirin da biyu ba, da tsagar gado: uku a kowane kunci, da bille ɗaya daga gindin hanci zuwa hagu. Mukaila ya ga tsagar a jikin siffar kakin zuma kafin a zuba tagulla, ya kau da kai, ba huruminsa ba ne.

Mai waldarsu ɗan Kerala ta Indiya ne, mutumin kirki, mai tsabtar aiki, wanda bai taɓa ganin an tsaga fuskar mutum da gangan ba. Da tagulla ta huce aka fasa ƙasar da aka zuba ta a ciki, sai ya ga layuka bakwai a kumatu, ya ɗauka zubi ne ya tsage. Bawan Allah ya zauna ya cike su ɗaya bayan ɗaya, ya goge sumul, har yana kiran mutane su zo su ga gyara.

Mukaila yana durƙushe a kan takalmin na tsakiyan ya ɗaga kai. Ya ga kumatun sumul, ba tsaga ko ɗaya. Ya jawo foman ya nuna masa hoton, ya nuna masa kuncin. Foman ya leƙa ya ce ai yanzu ma ya fi kyau, wa zai hau tsani ya ƙirga layi, kwantena jibi za ta tashi, yalla, khalas, wato maza, magana ta ƙare. Mukaila ya yi ta bayani da guntun Turancinsa da guntun Larabcinsa, cewa wannan ba tabo ba ne, da shi ake sanin gidan su mutum, kuma yaron nan ba shi da kabarin da za a nuna. Foman ya ce mai sassaƙa ba zai dawo ba, mai walda bai san yadda abin yake ba, in yana so ya yi da kansa, ga kurfi ga guduma.

Wallahi abin ya dame shi. Bai san yaron ba, ko sunansa sai a jikin allon tagulla ya karanta. Amma ya san za a tara iyaye a rana, a yaye ƙyalle, wata tsohuwa ta ɗaga kai tana neman ɗanta ta ga ɗan wasu. Da aka tashi cin abincin rana bai ci ba. Ya fita bayan sito, inda inuwa ba ta fi taku biyu ba, ya kira Sekondi.

Ya gaishe ta, ta amsa, ya zayyana mata komai bai rage ba. Ta saurara har ya gama. Sai ta tambaya ko an ga gawar. Ya ce ruwa bai mayar da ko ɗaya ba. Ta tambayi tsaga nawa ne, ya faɗa. Ta tambayi gefen da billen yake, ya ce hagu.

"Mma, in kin ce a'a, na bari," in ji shi.

"Ni ban ce maka na janye ba," ta ce. "Alkawari ka yi, kuma ka san wanda ya ji ka." Ya ji ƙarar mai yana soyuwa a bayanta, da wata tana tambayar ƙosai. Ba ta kula mai sayen ba. "Amma in ka sa hannu, kada ka danna. Wanzami ba ya zurfafawa, yaron kwanansa bakwai a duniya aka yi masa su. Uwarsa tana ɗaki tana jin kukan."

Ta kashe wayar ba sallama.

Mukaila ya koma ciki, ya wanke hannu, ya ciro hoton daga bango ya liƙa a kafaɗar sojan. Ya zaɓi kurfi mafi siriri, ya jawo tsani. Mai walda ya zo ya riƙe masa ƙafar tsanin, yana ba da haƙuri da harshen da Mukaila ba ya ji. Ya yi bisimilla, ya tallafe haɓar da hannun hagu yadda ake tallafe ta jariri, ya fara da kuncin dama.