Goggo Asma'u da allurar da ta ƙi dakatarwa

Ina shago a Jimeta Dada, mahaifiyata, ta kira ni, ta ce Goggo Asma'u ta rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na rufe shagon, na nufi gidanta.

Goggo ƙanwar mahaifina ce, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, kuma ba ta iya lallashi ba. Tun ina ƙarami nake da ciwon sukari, irin wanda garkuwar jiki ke kashe abin da ke samar da insulin, sai allura kullum. Idan na yi mita takan ce, "Allura ba ta san ka gaji ba."

Shekarar da muka gudo daga Mubi, gidanta na Damilu muka sauka. Ƙaya ta soke ni a daji, ƙafar ta kumbura, zazzaɓi ya rufe ni, ko kunu ba ya shiga. Dada ta ɓoye allurar, don ta taɓa ganin na suma da aka yi mini ita ban ci komai ba. Goggo ta auna sukarina, ta ga ya hau sosai. Ta yi wa Dada bayani cewa kumburi na sa jiki ya ƙi jin insulin, yanzu ma ƙari nake buƙata. Dada ta tare ƙofar ɗakin, ta ce an kashe mata miji a hanya, ba za a ƙarasa mata ɗa ba.

Goggo ta ce, "Mahaifinsa ba ya nan, ni ke nan. In ya mutu, ki ce ni na kashe shi. Kawo."

Ina kallo ta yi mini allurar, sannan ta sa ni a Keke Napep zuwa asibiti. Gwajin jini ya nuna kumburin ya yi yawa. Likita ya ce da an dakatar da allurar, da wuya in kai labari.

Dada ba ta taɓa gode mata ba, gaisuwa kawai ke haɗa su, kuma hakan ya daɗe yana damuna. Da na isa Damilu na tarar ta naɗe hannun riga, ta roƙi 'ya'yan Goggo su bari ita ta yi mata wanka.

Allah Ya jiƙan Goggo, Ya yafe mata, Ya haskaka kabarinta. Ya ba 'ya'yanta haƙuri, Ya ba Dada ma. Amin.