Ranar da Baba ya taka tiyon Hadiza

"To ina wutar take?" in ji Baba, yana leƙa ƙarƙashin injin.

Jiya muka kai shi masana'antar tiyo a Birnin Kebbi, inda ƙanwata Hadiza ke sarrafa injin narka roba. Tun daga Argungu yake mita wai wannan ba aikin ɗiya mace ba ne.

Hadiza ta zuba ɓarzajjiyar roba ta ce, "Baba, lantarki na ɗumama shi, amma akwai dogon ƙarfe mai murɗi a ciki, irin na injin markaɗe. Shi ke murza robar har ta narke, ya tura ta gaba. In na cika masa gudu, sai ta fito da gudaji kamar tuwon da bai tuƙu ba."

Tiyo ya fito, ya huce cikin ruwa. Baba ya hau shi da dunduniya, yadda yake gwada kowane tiyo kafin ya kai fadama. Bai tsage ba.

Sai ya juya ga mai gadi, wanda bai tambaye shi komai ba: "Ɗiyata ta yi wanga."

Wallahi sai da na yi ƙwalla. Ku fa, yaya mahaifinku ya fara yaba aikinku?